Inci Huɗu a Bayan Wando

Malama ta cije zaren da haƙori, ta juya wandon, ta shimfiɗa shi a kan teburin guga kafin ƙarar ruwa ta tsaya a banɗaki. Ta san lokacin mijinta sarai. Ba ya fitowa daga wanka sai ya gama waƙar da yake yi da muryarsa mai kama da ta tsohuwar babbar mota. Ko da ya ji ƙarar keken ɗinki ba zai tambaya ba, domin ƙarar keke a gidan nan ta zama kamar ta fanka.

"Malama, wandona ruwan toka fa?"

"Ga shi nan ina gogewa, Oga."

Oga yaran sito suke kiransa a kamfanin fentin da yake aiki, ita ma ta ɗauka da tsokana, har sunan ya bi shi gida. Ya fito yana goge gemu, ya karɓi wandon ya saka, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar.

"Kin gani? Shekara uku da ɗinka shi, har yau kamar a jikina aka zana shi. Wannan shi ake kira tela."

Malama ta ce haka ne, ta cire wayar dutsen guga daga bango.

Lissafi take koyarwa a makarantar firamare. Ɗinki kuwa ta fara shi ne shekara shida da suka wuce, lokacin da autarsu ta tafi jami'a gidan ya yi mata faɗi. Ta sayi tsohon keke a wurin wata abokiyar aikinta, ta koyi zira zare a waya, ta karya allurai sun fi ashirin. Daga nan fa abin ya shiga jininta. Labule, rigunan matasan kujera, mayafin talabijin, mayafin firji, har butar shayi sai da ta samu riga. Oga yakan ce ba ya daɗewa zaune wuri ɗaya a falo, don kada ya farka ya ga an ɗinka masa murfi. Amma kayansa bai taɓa yarda ta taɓa ba. Yana da telansa na shekara ashirin da biyar, kuma bai taɓa ɗaura bel ba a rayuwarsa, don a ganinsa wandon da ke neman bel ba a ɗinka shi daidai ba.

Wata biyar da suka wuce ne ta ga wandon yana ɗan zamewa idan ya sunkuya ɗaure takalmi. Hannu ya yi mata ƙaiƙayi. Ranar Asabar ta farke bayan ƙugun, ta shigar da shi ciki inci ɗaya, ta bi da keke, ta danne da guga. Ran Litinin Oga ya saka ya yabi telansa. Ta shiga kicin ta yi dariya har da riƙe ciki, kuma gaskiya ta ji daɗi, domin wannan ne yabo na farko da ɗinkinta ya samu daga bakinsa, ko da yake ya bi ta gidan wani. Sai ta yi wa sauran wanduna ukun haka.

Da ta sake ragewa karo na biyu, ba ta yi dariya ba. Na uku a tsorace ta yi shi. Ta san abin da kalmar "rama" take yi wa mutumin nan. Yayansa da ƙafafunsa ya shiga asibiti, suna kallo ya ƙare a kan gado kamar sabulu a ruwa, masu dubiya suna ta cewa ya rame, ya rame. Tun daga lokacin, shekara goma sha huɗu, Oga bai sake taka ƙofar asibiti ba, kuma duk wanda ya ce masa ya rame ya sayi faɗa. Fuskarsa mai faɗi ce, gemu ya rufe kumatun, rigunansa kuma dama masu yalwa ne. Wando ne kaɗai zai tona, ita kuwa ta toshe bakin wandon.

Shekaranjiya jiri ya ɗebe shi a sito, ya zauna a kan bokitin fenti har sai da aka kawo masa ruwa. Autarsu ta yi ta kuka a waya sai da ya yi alkawarin ganin likita. Yau ce ranar. Kuma yau ɗin ma, da sassafe, Malama ta ga wandon ya sake sakewa, ta zauna ta rage shi karo na huɗu ba tare da ta tsaya ta tambayi kanta dalili ba.

A bas suka samu kujera ɗaya, ya ce ta zauna, ya tsaya riƙe da ƙarfe. Tana kallon bayansa. Guga ta kwanta, babu yamutsewa, babu tattara, ɗinkin ya bi tsakiya kamar da rula aka ja shi. Aiki mafi kyau da ta taɓa yi ke nan, kuma ba ta son kallonsa.

"Minti biyar za mu yi," ya ce da ita daga sama. "Za su ce gajiya ce. Ni ma na san gajiya ce. Sabon kaya muka sauke, tirela biyu."

"Allah ya sa."

"Ki daina wannan fuskar, sai ka ce ke za a yi wa allura."

Ɗakin jira ya cika. Kujerun roba a jere, talabijin a sama babu murya, wata mata tana jijjiga jariri a kafaɗa. An ba su lamba talatin da ɗaya. Malama ta buɗe jaka don ta ɗauko ruwa, hannunta ya taɓa tef ɗin awo da kullum yake naɗe a aljihun gefe, ta yi sauri ta rufe. Labulen tagar asibitin ya fi ɗan'uwansa tsawo da kusan taƙi guda. A wata ranar da sai ta nuna wa Oga, ya ce ta je ta nemi kwangila. Yau ta gani ta kau da kai.

Nas ta auna jininsa, ta ɗora shi a sikeli, ta rubuta a kati. Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka kira su.

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yarsu ba, idanunta sun nuna ta ga mutum talatin kafin su. Ta gaishe su da ladabi, ta saurari labarin bokitin fenti, ta duba idonsa da harshensa, ta ɗora abin sauraro a ƙirjinsa.

"Baba, kana cin abinci sosai?"

"Tambayi Malama. Har ƙari nake yi."

"Barci fa?"

"Lafiya lau."

Ta duba katin. "Kilo sittin da takwas. Da can nawa kake yi?"

"Ban taɓa hawa abin nan ba sai yau, 'yata. Ni ba buhun siminti ba ne."

Likita ta yi murmushi. "To, kana jin ka rame a 'yan watannin nan? Kayanka sun yi maka yawa?"

Oga ya miƙe tsaye, abin da ba a ce ya yi ba, ya ɗaga gefen rigarsa, ya zira babban yatsa a ƙugun wandon. Da ƙyar yatsan ya shiga.

"Shekara uku ina saka wandon nan. Ko bel ba na ɗaurawa. Duba da kanki."

"Madalla," in ji likita, ta ja takarda. "Jininka bai hau ba, ƙirji lafiya. Alamu sun fi nuna gajiya da ƙarancin ruwa. Zan rubuta maka hutun kwana uku da maganin ƙarin kuzari. Idan jirin ya dawo sai ka dawo."

Oga ya juyo ya kalli matarsa, ya ɗaga gira. Alƙalamin likita yana tafiya a kan takarda. Malama ta ji tsoro iri biyu a lokaci guda: tsoron abin da zai faru idan ta yi magana, da tsoron abin da zai faru idan suka fita da takardar nan a hannu. Na biyun ya fi nauyi.

"Likita, ya rame."

Alƙalamin ya tsaya.

"Malama," Oga ya ce a hankali.

"Ya rame. Wandon ne na rage. Sau huɗu, bai sani ba." Muryarta ta fito irin wadda take karanta sakamakon jarrabawa da ita. "Oga, juya."

"A nan?"

"Juya, don Allah."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya ya fuskanci bango, inda aka manna hoton huhun mutum. Malama ta ɗaga bayan rigarsa, ta lanƙwaso ƙugun wandon waje. Likita ta zagayo daga bayan tebur ta sunkuya.

Layuka biyar ne na ɗinki a jere, kowanne rabin inci daga ɗan'uwansa, kowanne da launin zarensa. Daga waje zare ba ya nunawa, saboda haka duk wanda ta tarar a kan keke da shi take bi.

"Wannan na bakin, baƙi, na telansa ne," ta ce, tana nunawa da farce. "Shuɗin nan shi ne na farko, ragowar zaren labulen falo, makon da aka koma makaranta. Wata biyar ke nan. Koren na jakar littattafan da na yi wa auta ne, wata biyu da rabi. Ruwan ɗorawan, sati huɗu. Farin kuma yau da safe. Kowane layi inci ɗaya ne, rabi ta nan, rabi ta can."

"Tazarar tana raguwa," in ji likita, kamar da kanta take magana.

"Tana raguwa. Na lura."

Ta ciro tef ɗin daga jaka, ta zagaya shi a ƙugunsa. Shekara shida tana son ta auna mutumin nan, ba ta taɓa zaton a nan za ta yi ba. Ta haɗa bakin tef ɗin ta karanta.

"Talatin da huɗu. Telansa talatin da takwas ya yanka."

Likita ta koma kujerarta, ta ninke takardar farko ta ajiye gefe, ta ɗauko wata doguwa. Tambayoyin suka canja. Ƙishirwa fa? Yana yawan fita fitsari? Zufa? Bugun zuciya? Oga yana amsawa a taƙaice, idonsa a kan tebur, kuma amsoshin ba su yi kama da na ɗazu ba. E, yana shan ruwa da yawa. E, ya daɗe. A'a, bai faɗa wa kowa ba.

"Baba, abubuwa da dama suna kawo haka, kuma da yawansu ana maganinsu a zauna lafiya idan an gano da wuri. Za a ɗebi jini da fitsari yau, gobe ka dawo ba ka ci komai ba a sake ɗiba. Ran Alhamis mu zauna da sakamako." Ta kalli Malama. "Mama, ki maimaita min watannin nan in rubuta."

Malama ta maimaita, launi bayan launi.

Suka bi layin ɗakin gwaji. Da aka ɗebi jinin ya fito yana danne auduga a gwiwar hannu, ta miƙa masa ruwa, ya karɓa ya sha ya mayar, ko kallonta bai yi ba. Ta gwammace ya yi faɗa. Ta shirya amsoshi tun a ɗakin likita, amma babu wadda ta gamsar da ita kanta. Wata biyar. Da ta bar wandon ya zame masa a gaban yaran sito tun farko, da tuni ya sani.

Bas ɗin komawa babu cunkoso, suka zauna tare a baya. Suka wuce kasuwa, suka wuce gidan mai, suka wuce layin da shagon telansa yake. Oga ya bi shagon da kallo har ya ɓace.

"Na kai masa mutum uku a wannan shekarar," ya ce. "Ina cewa su dubi wandona."

"Ka yi haƙuri."

"Sau huɗu. Ina wanka?"

"Biyu kana wanka. Biyu kana wurin aiki."

Ya gyaɗa kai. Ya cire audugar, ya duba wurin, ya rasa inda zai jefa ta, ya saka a aljihu.

"Kin ji tsoro ne?"

"Na ji. Har yanzu ina ji."

"Ni ma," ya ce, yana kallon taga. "Tun kafin bokitin fenti. Sai in saka wando in ji ya kama ni, in ce ashe ba komai."

Malama ta sa gefen mayafinta ta goge ido. Kwandasta ya zo ya wuce. Wani ya sauka, wata ta hau da kwandon kayan miya ta zauna a gabansu.

Can Oga ya kai hannu bayansa, ya lalubi ƙugun wandon ta ciki, ya ji kaurin yadin da ke kwance a wurin.

"Abin da kika rage ɗin, kin yanke?"

"Ban yanke ba. Na ninke shi na danne da guga."

"Duka?"

"Duka inci huɗun suna nan. Na sauran wandunan ma ban yanke ba."

Ya ɗan jima hannunsa yana wurin. Sannan ya zaro shi, ya gyara rigarsa, ya miƙe don tasharsu ta matso.

"Kada ki yanke," ya ce. "Idan ya fara matse ni, ke za ki buɗe. Layi ɗaya-ɗaya, ina zaune ina kallo."

Ta miƙe ta riƙe ƙarfe. Da bas ta tsaya ya sauka a gaba, ya juyo ya karɓi jakarta.