Ranar da Aka Share Gonar Gayya

Safara'u ta dire ƙwaryar dusa ta nufi inda hayaƙi ke tashi, kaji na biye da ita. Tun kafin ta tsallake shingen lalle ta gane abin da ke ci. Karan dawa ne da busasshen ganye da kashin awaki, shimfiɗar da 'yan gayya suka yi wa ƙasar gona, an tattara ta tsibi-tsibi an cinna mata wuta. Wasu samari da ba ta sani ba suna ta jan manjagara, ɗaya kuma yana bin gindin zogale yana shafa farar ƙasa.

Ta tambaye su wanda ya sa su. Suka ce Alhaji Sadisu ne ya ɗauko su daga Dutse, ya ce a gyara wurin fes, yau manyan baƙi za su zo.

Filin nan na bayan Aujara fako ne a da, ko tumfafiya ba ta yarda da shi. Modibbo, malamin unguwar, shi ya ba da shi ga gidajen da ba su da gona, aka yi ta gayya shekara da shekaru. Maza suka haƙa ramuka masu siffar rabin wata don su tare ruwan sama, suka gina rumbu da ɗakin tattabaru, suka rataya amyar zuma a kan gawo. Safara'u, wadda ta daɗe da aurar da autarta, ita ce uwar taki. Ita ke bi gida-gida tana kwaso shara, ita ta hana a ƙona ko kara ɗaya, sai dai a shimfiɗa, gara ta ci ta buɗe ƙasa. Bara har kuɓewa suka ci a inda a da fartanya ke lanƙwashewa.

Ta karyo reshen darbejiya tana dukan wutar, amma kara ya bushe, ba a jima ba sai toka. Nata'ala magini ya taso daga bakin sabuwar rijiya ya tsaya nesa da ita, idonsa a ƙasa. Da ta matsa masa, ya ce Modibbo ya san da zancen.

Ta sami Modibbo zaune a ƙofar rumbu. Ta durƙusa ta gaishe shi. Modibbo bai ɓoye mata komai ba. Rijiyar da suka haƙa ta kai ruwa, amma yashi ne a cikinta, kullum gefenta zubewa yake. In ba a zuba mata kwalbati ba, ruwan farko zai rufta da ita. Sadisu ya yi alkawarin siminti in aka bar shi ya nuna wa baƙinsa gonar.

"Shara ya ce mini, Safara'u. Bai ambaci wuta ba."

"Allah ya gafarta Malam, sharar gonar nan ai ita ce gonar. Da an tambaye ni."

Modibbo ya ci gaba da jan carbinsa.

Da hantsi sai ga fijon Alhaji Sadisu, a-kori-kura na biye da buhunan siminti. Ɗan unguwar ne, Safara'u ta goya shi yana yaro, yanzu ya yi gida a unguwar Yalwawa ta Dutse, yana harin kujerar kansila. Ya sa aka jera buhunan a bakin rijiya, aka kafa allo mai cewa ƙungiyarsa ce ta kafa gonar. Sannan ya zo ya rusuna mata yana fara'a.

"Gwaggo, kin ga yadda wurin ya fito?"

"Na ga yadda ka tuɓe shi tsirara, Sadisu. Ka taɓa kawo ko kwandon taki ɗaya nan?"

Ya yi dariya ya ce baƙin masu ba da tallafi ne, ba a kai irinsu juji. Ya roƙi kada a yi ban ruwa yau don kada takalmansu su ɓaci, mata kuma su saka wankakkun zannuwa su riƙe fartanya.

Haka aka wuni babu aikin da aka taɓa. Rana ta buɗe a kan ƙasar da babu abin da ya rufe ta. Safara'u na kallo dashen gwanda da ta yi rainonsa tun yana ƙwaya ya sunkuyar da kai. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Can sai wani ya zo a babur ya raɗa wa Alhaji cewa baƙin sun karkata wajen Taura, daga can Kano za su wuce.

Fuskarsa ta murtuke. Ya ce wa samarin su mayar da siminti mota, aro ya yi a shagon abokinsa. Modibbo ya tuna masa alkawari, Sadisu ya ce ai alkawarin sai in tallafi ya fito. Mazan gayya suka tsaya cirko-cirko, kowa na jiran wani ya yi magana. Samarin suka ɗaga buhun farko.

Safara'u ta zare cokalin gini daga hannun Nata'ala. Ta je ta caka wa buhun da ke sama, ta ja har ƙasa, siminti ya kwararo. Ta caka wa na biyu, ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya ba tare da gaggawa ba, har zanenta ya yi fari.

"Gwaggo, kin san abin da kika yi kuwa? Yanzu fa shari'a ake a jihar nan. Gaban alƙali zan iya kai ki."

"Mu je. In na gama faɗin buhunan da na farka, kai ma ka faɗa masa wanda ya sa wuta a gonar mutane, da sunan wanda ke jikin allon can."

Ta miƙa wa Nata'ala cokalinsa. Ya dubi Modibbo. Modibbo ya tashi, ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗauki kwanon yashi. Nan da nan shebur ya fara ƙara, wani ya jawo guga, aka duƙufa kwaɓa simintin don a ci ƙarfinsa kafin magariba.

Safara'u ba ta huce ba. Rijiya za ta tsaya, amma ƙasa sai ta sake cin shekaru kafin ta dawo. Ta kira matan ta ce su cire zannuwan ado, a fara ban ruwa daga gwanda.

Alhaji Sadisu ya jima tsaye yana kallon mazan da ke ta aiki da simintinsa, gumi na zuba. Sai ya gyara zaman hularsa, ya yafito mai hoton da ya ɗauko tun daga Dutse, ya matsa kusa da rijiya, ya ce a ɗauka yanzu kafin rana ta faɗi.