Gaisuwar Mijinyawa

Shekara goma sha tara Mijinyawa yana fitowa a finafinan Yarbawa, kuma in ba maigadi ba to mai tsire. Shi da aka haifa a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, amma kullum sai an ce ya karya harshe don mutane su yi dariya. Abin yana ci masa rai, yana haɗiyewa.

Sai bana wata darakta ta ba shi babban matsayi: ɗan basarake da ya dawo gida bayan doguwar tafiya. Murna har da ƙwalla.

Ranar ɗauka, a wani ƙauye bayan Akinyele, ya zo gaban tsohon da ke fitowa a matsayin ubansa, ya tsuguna yadda ya saba.

"Haba oga Mijin!" in ji daraktar. "Ɗan Yarbawa ne kai yau. Dobale za ka yi, ƙirji a ƙasa."

Ya san dobale sarai, gaisuwar girmamawa ce, abokansa Musulmi ma suna yi wa iyayensu. Amma ya san mahaifiyarsa, Inna Haulatu. Tun yana yaro take cewa ɗanta ba ya kwanciya a ƙasa sai ga Mahaliccinsa. Aka sake ɗauka sau uku, gwiwarsa na ƙin wuce tsuguno. Daraktar ta duba agogo, ta ce in ba zai iya ba, akwai wanda ke jiran rigar ɗan basaraken nan.

Ya kwanta.

Bayan wata huɗu aka nuna fim ɗin a talabijin. Matan layi suka cika ɗakin Inna, har ta ture farantin ƙuli-ƙulin da take sayarwa don a sami wurin zama. Ana ta shewa, ana ga Mijinyawa cikin babbar riga. Da aka zo wurin da ya kwanta, Inna ta ci gaba da kallo har ƙarshe.

Washegari da safe ya shiga gaishe ta. Ya cire takalmi, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai.

"Inna, ina kwana?"

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, kuma wannan ya fi tayar masa da hankali.

"Lafiya lau," ta ce. "Ka iya aikinka, wallahi har na yarda tsohon nan ubanka ne. Shi ya sa nake tambaya: wannan tsugunon nawa ne, ko shi ma na fim ne?"