Rigar Cikin Zanen Gado

Ta ɗaga katifa, ta leƙa bayan keken ɗinki, ta zazzage kwandon ƙyallaye a tsakar ɗaki, duk da ta san ba can ta ajiye ba. A kan kujerar da ke gefen taga ta bar ƙunshin da safe kafin ta fita aiki. Yanzu kujerar wayam.

Aikinta na ainihi a ɗakin gwajin jini yake, a asibiti. Ɗinki sha'awa ce ta yamma da ranakun hutu, kuma ba kowane irin ɗinki ba: tufafin mutanen da, waɗanda ba a ganinsu sai a tsofaffin hotuna. Masu wasan kwaikwayo kan kawo mata aiki, haka ma masu son ganin kansu cikin shigar iyayen iyayensu. Mijinta ne ya laƙa mata suna Telar Kakanni, sunan kuma ya bi ta har wurin aiki.

Wannan karon ba hoto aka ba ta ba. Wata tsohuwar malama ce ta kawo rigar kakarta da kanta, doguwa ta siliki, mai ƙananan maɓallan ƙashi daga wuya har ƙugu, tana so a ɗinka wa jikarta irinta. Silikin ya tsufa ya zama kamar ɓawon albasa. Da za ta miƙa rigar, sai da malamar ta riƙe hannun Telar ta roƙe ta kada ruwa ya taɓa ta, kada rana ta gan ta. Shi ya sa ta naɗe ta a cikin wani tsohon zanen gado mai shuɗin baki.

Nan take zanen ya faɗo mata a rai. Ta juya ta dubi lungun da suke tara kayan dauɗa. Babu ko safa. Da safe mijin ya ce zai biya ya kai kayan shagon wanki a hanyarsa ta ofis, har godiya ta yi masa.

Ta kira shi, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta tura masa saƙo, ta zura takalman da suka fi kusa da ƙafarta ta fita.

A bas ba ta samu wurin zama ba. Tana riƙe da ƙarfe, motar na tsayawa a kowace kwana kamar da gangan, ita kuma tana shirya masa maganganu a zuci, tana zaɓen waɗanda suka fi zafi. Sai ta tuna fuskar malamar, maganganun duk su watse, ta sake tattaro su.

Shagon ya cika da tururi da ƙamshin sabulu. Injina na jere jikin bango suna ta juyi. A na ƙarshe, ta cikin gilashin ƙofarsa, ta hango shuɗin bakin zanen yana wucewa cikin kumfa, ya ɓace, ya sake wucewa. Ta zauna a kan benci.

Mai shagon, wata dattijuwa mai jiki da tawul a kafaɗa, ta matso tana tambayar ko lafiya. Da ƙyar Telar ta iya bayani, tana nuna injin da yatsa: akwai riga a cikin zanen can, ba tata ba ce, ta girmi duk wanda ke shagon nan.

"Wata mai maɓallai reras?" in ji matar. "Ayya, 'yata, ashe riga ce? Da na kakkaɓe zanen ta faɗo, na ce wannan ko injin ya kalle ta sai ta narke. Na ɗauka tsumma ne maigidanki ya haɗo da shi."

Ta sunkuya ƙarƙashin kantar shagon ta jawo bokitin tsummokaran da suke goge injina da su. Rigar na can sama, a dunƙule, a bushe.

Telar ta shimfiɗa ta a kan teburin ninke kaya. Ta bi kafaɗa da yatsa, ta bi hammata, ta bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Babu abin da ya same ta sai yamutsewa. Ta so ta yi godiya, sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin dariyar. Mai shagon ta ba ta ruwa a kofi, tana cewa Allah ne ya taimaka yau babu injin da ya yi yoyo, da tuni an share ƙasa da kakar mutane.

Ana haka mijin ya faɗo shagon, rigarsa sharkaf da gumi, katin ofis na lilo a wuyansa. Daga taro ya fito da ya ga saƙon. Ya dubi injin, ya dubi teburin, ya dubi matarsa, ya tsaya yana jiran abin da zai sauka a kansa.

Ta neme su, maganganun nan na cikin bas, ba ta samu ko ɗaya ba. Sai ta matsa masa a bencin. Ya zauna a ɗarare, suka zuba wa wankinsu ido yana juyawa.

Can ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko dole ne malamar ta ji wannan labari, tunda dai rigar lafiya lau take.

"Za ta ji," ta ce, tana naɗe rigar a cikin farar takardar da mai shagon ta ba ta. "Yau za mu je, Baban yara. Kai za ka fara magana."

Ya gyara wuyan rigarsa, ya tambayi mai shagon ko za ta ɗan goge masa tasa rigar kafin su tafi.