Allurar Ranar Asabar

Mai tausar kulob ya ɗaga sirinji, ya ƙwanƙwasa shi da farce. Codrin na zaune a benci, ƙafar dama a miƙe, gwiwar ta kumbura har ba a ganin ƙashi. A waje 'yan kallo sun fara buga ganga.

"Kyaftin, zo ka riƙe min ɗanka," in ji mai tausa. "Kai ka san yadda ake yi."

Dumitru Bârsan kuwa ya sani. Duk ƙuruciyarsa a tsaron bayan wannan ƙungiyar ƙwallo ta mahaƙa kwal ta ƙare, har muka sa masa suna Katanga. A garinmu mai tsaron baya ba ya cewa ciwo. A take ka ranar Laraba, a tsira maka allura ranar Asabar, ka shiga fili da ƙafa kamar ta aro, jama'a na tafi. Da aka gama tafin, aka rataye hoton Dumitru a ofishin kulob, shi kuma ya koma gida da sanda.

* * *

Tun da safe aka yi ta a gida. Matarsa Floarea na tuƙa tuwon masara, ko juyowa ba ta yi ba.

"Likitan asibiti ya ce wata biyu kada yaron nan ya taɓa ƙwallo. Da kunnenka ka ji, Dumitru."

"Na ji."

"To?"

"Yau mai neman 'yan wasa zai zo daga Italiya. Irinsu ba sa zuwa sau biyu."

"Kai ma ai wani ya taɓa zuwa daga Bukares, babban birni, dominka. Ina ka je? Daga gado zuwa taga."

"Mama, ki bari mana," in ji Codrin, yana ɗaure jaka. "An rufe ramin kwal. In ban buga ba, sai dai in bi abokaina su Sorin tsinkar tumatir a Sifen."

"Su Sorin da ƙafafunsu suke dawowa."

Da yaron ya fita, ta sauke tukunya ta dubi mijinta. Ba faɗa a muryarta, gajiya ce kawai.

"Ni ba zai ji tawa ba. Kai in ka ce a'a, zai zauna. Gwiwar nan ita ce kaɗai abin da yake da shi."

* * *

Yanzu ga sirinji a sama, ga Codrin ya ɗago ido.

"Baba, me ka ce?"

Dumitru ya lalubi a'ar nan a cikinsa. Ya san yadda sanyin hunturu ke shiga gwiwa, ya san ranar da ya kasa durƙusawa a coci wajen jana'izar mahaifiyarsa. Duk ya tuna, amma ko ɗar bai ji ba. Ƙanshin man zafi ne kawai a hancinsa, da gangar nan ta waje, kuma hannuwansa sun riga shi yanke shawara. Ya jingine sanda, ya dafe cinyar ɗansa da ƙwaurinsa.

"Kalli bango," ya ce. "Yanzu za ta wuce."

"Jini ba ya ƙarya," in ji mai tausa, yana dariya. "Ƙaramin Katanga ke nan."

Gaskiya Codrin ya yi wasa. Duk ƙwallon da ta taso sama tasa ce. Bayan an dawo hutu ya zame ya tare wani ɗan gaba, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Na kusa da layi sun ce sun ji ƙarar. Shi bai ji komai ba, allura na aikinta. Ya miƙe ya ci gaba da gudu a kanta har aka tashi, fili na kiran sunan ubansa.

Baƙon Italiya kuwa tun hutun rabin lokaci ya tafi. Ashe golan ɗaya ƙungiyar ya zo gani.

* * *

Mutum biyu ne suka shigo da Codrin gida kafin rana ta faɗi. Allurar ta sake shi, yana cije da wuyan rigarsa. Asibiti sai Litinin, in ji su.

Floarea ta dubi gwiwar. Ta ɗauko kabeji, ta ɓare ganyen, ta murje su da kwalba a kan tebur har ruwa ya fito, kamar yadda iyayenmu ke yi wa kumburi. Ta durƙusa ta naɗe gwiwar ɗanta, ganye kan ganye, ta ɗaure da tsumma.

A kujerar gefe Dumitru ya riga ya naɗe ƙafar wandonsa, don kullum da yamma haka take yi masa. Ta waiwayo ta dubi tebur. Ba abin da ya rage sai kututturen kabejin.

"Daga gobe," ta ce, "a riƙa sayo biyu."

Ta tafi wanke hannu. Shi kuma ya zauna da gwiwa a buɗe, bai saki wandon ba.