Gidan da Ya Ba Rana Baya

Ƙarfe uku na yamma yayyafi ya ɗauke a garin Ballarat, can kudancin duniya, sanyin Yuli kuwa ya zauna daram. Ruwa na ɗiga a hankali daga ƙarfen barandar gidan iyalan Trewin, wanda maƙera suka saƙa da furanni kamar leshi.

Clarrie, mai kula da gidan tun da aka mayar da shi wurin ziyara, yana goge hannun ƙofa sai ga wata tsohuwa da sanda, 'yarta na riƙe da ita. Beryl ce, ta ƙarshe da aka haifa a gidan.

"To, Mama, kin gani, mu tafi," in ji 'yar, Noelene. "Gobe da safe jirgin Perth ba zai jira ki ba."

"Ki bar ni in numfasa, sarauniyar gaggawa. Idan na tafi ai ba dawowa zan yi ba."

Clarrie ya nufi babban falo da su, inda kowane baƙo ke tsayawa ya saki baki: murhun marmara, madubi har rufi, fiyano a lulluɓe. Beryl ko leƙawa ba ta yi ba.

"Ɗana, kai ni kicin. Wannan ɗakin mura kawai ya taɓa ba ni."

Gaskiyarta. Da kakan babanta ya sami zinariya, daga Ingila ya sa aka aiko masa da zanen gida, ya ce kada magini ya canza ko ƙusa. A can, ta kudu rana ke shiga ɗaki, don haka manyan ɗakuna duk kudu suka kalla. A nan kuwa ta arewa take bi. Masu gida suka yi ta karkarwa cikin karammiski, rana tana baya, wurin masu aiki.

Kicin ɗin duhu ne. An ja jar igiya a bakinsa, an rufe tagar da marufin katako don kada haske ya cinye fentin da ya rage a bango.

"Nan nake gudowa ina yarinya," in ji Beryl. "Dulcie mai girki ta ɗora ni a kan akwatin itace, ta ba ni ɓawon biredi da man shanu. Rana ta kwanta min a gwiwa kamar kyanwa." Ta dubi tagar. "Ita kaɗai na zo gani."

"Mama, doka ce. Kada ki jawo wa bawan Allah magana."

Clarrie ya sosa ƙeya. Ya san fentin, ya san abin da shugabar kwamitin kula da gidan za ta ce. Ya ɗaga igiyar, ya zaunar da tsohuwar a kan akwatin, ya zare sakatar marufin, ya buɗe.

Da farko ba komai sai farin gajimare. Noelene ta dubi agogo. Can sai gajimaren ya tsage, haske ya zubo ta tsohon gilashi yana rawa kamar ruwa, ya bi ta kan tukwanen tagulla, ya sauko gwiwar Beryl. Ta shimfiɗa tafin hannu a kai, ta lumshe ido.

"Dulcie," ta ce, "matsa, kina tare min rana."

Clarrie, da ke tsaye a bakin tagar, ya matsa gefe. Ya riƙe marufin da hannu, don iska na neman mayar da shi.