Irin Bagaruwar Saude

Da Dikko ya baro ƙauyensu na wajen Janbako, abin da ya iso Talata Mafara da shi bai wuce tabarma da buta da matarsa Saude ba. Ita kuwa, don ƙarfin hali, sai da ta tsaya ta tsinci 'ya'yan bagaruwar ƙofar gidansu ta ƙulle a bakin ɗankwali, wai in an samu wuri a shuka. Ba ta kai damina ba Allah ya karɓi abarsa.

Ya rage daga shi sai ɗakin aro a bayan gari, sai ƙullin nan. 'Ya'yansu suna can kudu wajen nema, waya ma sai an dace. Kewa ta ishe shi, ba kaɗan ba. Burinsa ɗaya, ya ga bagaruwar Saude ta tsiro kafin shi ma a kira shi.

Da ruwan farko ya sauka, ya binne rabin irin a gindin katanga. Damina ta zo ta wuce, ko ƙyallin tsiro. To, ina laifin ƙasa? Ƙwayar bagaruwa tauri gare ta kamar tsakuwa. Saude ta sha faɗa masa cewa a daji ma ba ta fita da yawa sai inda wutar rani ta bi ta wuce, zafi ya tsaga ɓawon, ruwa ya samu hanya. Har da yadda ake yi mata a gida ta faɗa. Shi dai a lokacin kunnensa na kan rediyo, kalma ɗaya ya riƙe: nuna.

Bawan Allah sai ya juye sauran a tukunya, ya yi ta iza wuta har suka nuna luɓus kamar wake. Ya shuka, ya yi ta ban ruwa safe da yamma. Da shiru ya yi yawa ya tona, ya tarar sun ruɓe.

Baturiya, tsohuwar da ke sayar da dashen albasa a hanyar Bakolori, ƙawar Saude ce. Ya je wurinta, bayan doguwar gaisuwa ya ba ta labari. Ta soma dariya, da ta dubi fuskarsa ta haɗiye.

"Malam Dikko, nuna musu wuta ta ce, ba ta ce su nuna ba. Sauke ruwan ake yi, a zuba su ciki, a bar su su huce tare."

Ta tambaya ko da saura. Ya ce babu. Ya kama hanya, har ya yi nisa sannan ya tuna da gindin katanga.

Da hannu ya tona, yana murza ƙasa a tafinsa. Gara ta yi nata, amma ya samu 'yan ƙwayoyi, baƙaƙe, da taurinsu yadda Saude ta ƙulle su. Ya ɗora ruwa. Da ya tafasa ya sauke tukunyar, ya tsaya da irin a hannu, don in ya sake kuskure babu wasu.

"Haka ne, Saude?" ya ce.

Ya ɗan saurara, yadda bai taɓa sauraronta ba tana raye. Sannan ya zuba.