Ranar da Inji Ya Yi Minshari

Inji yana tsaye bisa kujera, yana ɗaura ƙyallen da aka rubuta wa "Taron Bita Kan Magance Gajiyar Aiki", wayarsa ta yi ƙara. Ya ciro ta da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da igiya.

"Malam, ka gaya masa?" in ji matarsa.

"Ina kan hanya."

"Tun da likita ya ce ka kwanta a gida kake kan hanyar nan. In yau ba ka karɓo hutun ba, gobe da ƙafata zan zo in gaida Darakta."

Ya san za ta aikata, shi ya sa bai musa ba.

Abokan aiki ne suka laƙaba masa Inji, shi kuwa ya rungumi sunan kamar lambar yabo. A wannan ofis gajiya ita ce muƙami. Ba mai tashi kafin Darakta, Darakta kuma ba ya tashi sai ya leƙa ta taga ya ga ma'aikatar da ke tsallaken titi ta watse. In an gaisa da safe, kowa sai ya gabatar da ciwonsa. Mai ciwon baya ya raina mai ciwon wuya, mai hawan jini ya raina su duka. Inji ya daɗe yana riƙe da kambun, domin bai taɓa neman hutu ba, kuma yakan faɗi haka ko ba a tambaye shi ba. Makon jiya ne jiri ya kayar da shi a tashar mota. Likita ya auna jininsa, ya aika a kawo wata na'urar don yana zaton ta farkon ta lalace, sannan ya ce masa ya zaɓa: ya je ya huta da ƙafarsa, ko a kawo shi a kwance.

An sa taron a lokacin cin abincin rana, don kada koyon hutu ya taɓa aiki. Inji ne ya jera kujeru, ya nemo lasifika, ya tarbi malamar da aka gayyato, wata mata mai taushin murya da ba ta yi kama da wadda ta taɓa gudu don kama bas ba.

"Kowa ya rufe ido," in ji ta. "Ku ja numfashi a hankali. Ku tuno wurin da hankalinku ya fi kwanciya, ku je can ku zauna."

Inji ya rufe ido ya shiga nema, yadda yake neman fayil ɗin da ya ɓata. Ya gwada bakin kogi, sai ya tuna bai san ko ɗaya ba. Ya gwada inuwar bishiya, sai ya hango Darakta yana tahowa. Can dai ya samu: kujerar baya a cikin bas, a tsakiyar cunkoso, motoci sun tsaya cak, babu mahaluƙin da zai ce laifinsa ne da bai iso ba. Ya jingina kansa da gilashi.

Abin da ya farkar da shi gwiwar hannun Dogo ce, maƙwabcin teburinsa. Ɗakin ya yi tsit. Dukkan idanu a buɗe suke, kuma shi suke kallo.

Malamar ta tafa hannu. "Kun gani ko? Tun da nake wannan aiki ban taɓa ganin wanda ya saki jiki da sauri haka ba, har da minshari. Wannan bawan Allah ba shi da damuwa ko ta ƙwayar zarra. Ku yi koyi da shi."

Aka tafa masa. Da zagi aka yi, da ya fi sauƙin haɗiya.

"Ashe Inji ma ana kashe shi ya huce," in ji Dogo.

"Mu muna ta tausaya masa," in ji sakatariya, "ashe mutumin daɗinsa yake ji."

Da aka watse, Inji ya kwashe kujerun, ya nannaɗe ƙyallen. Ya ga tun da kambun ya riga ya faɗi, ba sauran abin karewa, sai ya ƙwanƙwasa ƙofar Darakta. Ya shirya jawabi mai tsawo. Ya ma shirya yadda zai kai wa matarsa labarin an hana shi, da irin fuskar da zai yi.

Darakta ya tuɓe takalma, yana murza goshi da yatsu.

"Yallabai, likita ne ya ce wai in ɗan..."

"Je ka huta. Dogo zai riƙe teburinka."

"Yallabai, Dogo ai bai san kan aikin ba."

"Zai sani kafin la'asar."

Inji ya tsaya yana jiran a ce an fasa, ko a ce ofis zai shiga wani hali. Ba a ce ba.

"Ko in riƙa leƙowa da safe?"

"Kada ka leƙo." Darakta ya dubi ƙofa, ya sassauta murya. "Amma tsaya. Wurin nan da ka tafi ɗazu har ka samu barci, ina ne?"

"Cikin bas ne, yallabai. In an yi cunkoso."

Darakta ya yi ajiyar zuciya. "Ni kuwa direbana duk ya san hanyoyin kauce masa."

Rana na tsaka da duka Inji ya isa gida. Matarsa ta buɗe ƙofa, ta dube shi, ta dubi sama, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Korarka aka yi?"

"Hutu aka ba ni."

"Da sauƙi haka?"

"Wane sauƙi? An sha fama. Sai da na buga tebur. Cewa yake in na tafi komai zai tsaya."

"Allah sarki," in ji ta, da muryar da ba ta nuna wanda take tausaya wa ba. Ta karɓi jakarsa. "To shigo ka zauna mana."

Ya shiga ya tsaya a tsakiyar falo. Labulen ashe kore ne. Kujera ɗaya littattafan yara sun cinye ta, ɗaya keken ɗinkinta na gabanta, ta ukun kuma an jibga mata wanki.

"A ina nake zama?" ya tambaya.

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tsaya tana tunani da gaske. Daga nan ta je ta fara kwashe wankin.